Motar gudu ta hannu: in saya in riƙa gyara abata da kaina, ko in haƙura?

Nasiru: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma ina roƙon waɗanda suka taɓa shiga wannan harka su faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba. Shekara huɗu ke nan ina tara kuɗi saboda abu guda: ina son motar gudu, irin 'yar ƙofa biyun nan mai giyar hannu wadda tayoyin baya ke turawa. Sabuwa ta fi ƙarfina, ta hannu zan saya. Ina da wata motar da nake zuwa aiki da ita, wannan ta marmari ce. Guda huɗu nake dubawa: Mazda MX-5, Nissan 350Z, Mazda RX-8 da Porsche Boxster ta farko-farko. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne kuɗin Boxster da RX-8 ya faɗi ƙwarai, har sun kusa zama ɗaya da MX-5 mai kyau. Niyyata in riƙa yi mata hidima da hannuna. Iyakar abin da na taɓa yi shi ne juye (wato canjin baƙin mai), canza filogi, canza batir, sai fad ɗin birki sau ɗaya. Ina da wurin ajiye mota mai rufi da daɓen siminti. Wacce za ku ce in ɗauka?

Malam Ɗanjuma: Wa alaikumus salam Nasiru. Na haura shekara talatin ina kwanciya a ƙarƙashin mota, don haka bari in fara da tambayar da ba ka yi ba. Kuɗin da ka tara, duka za ka zuba a saye, ko ka ware na jinya? Motar da ta kai shekara goma sha biyar ko ashirin, komai ƙyallinta, robobinta sun bushe, tiyo-tiyonta sun tsufa, shokozoba ta gaji. Mai ita kuwa ya daina kashe mata kuɗi tun ranar da ya ƙudura rabuwa da ita, wataƙila shekara guda kafin ka gan ta. Duk wannan bashin a wuyanka zai faɗo. Ni dai ba na son kuɗin motar ya wuce kashi biyu cikin uku na abin da ke hannunka.

Sannan faɗuwar kuɗin mota ba ta saukar da kuɗin kayan gyaranta. Boxster ta tsufa, amma kulocinta da lagiretonta har gobe da kuɗin Porsche ake sayar da su.

Auwal: Yaya Nasiru, ka ɗauki RX-8 ka huta. Duk cikin huɗun nan babu mai daɗin tuƙinta. Injin ɗan mitsitsi ne, lita 1.3, amma mai giya shida tana hawa har juyi 9,000 ba tare da karkarwa ba. Ga ta da kujeru huɗu da 'yan ƙananan ƙofofi a baya, ka ga ko da yara ka fita. Masu kushe ta yawanci ba su taɓa riƙe sitiyarinta ba.

Injiniya Bashir: Auwal, daɗin tuƙi kam ba wanda zai yi maka musu. Amma mutumin nan cewa ya yi zai riƙa gyara da kansa, kuma juye da filogi ya sani. Bari ya san abin da ke ciki tukuna.

Nasiru, injin RX-8 ba shi da fistin. Wasu ƙarafa ne guda biyu masu kusurwa uku-uku suke juyawa a cikin gidansu, ana ce musu rota. A kan kowace kusurwa akwai siririn ƙarfe da ke goga bango yana riƙe matsi, shi ne a madadin ringi. Domin kada ya cinye, da gangan aka yi wani ɗan famfo da ke ɗiga baƙin mai a cikin ɗakin ƙuna. Wato shan baƙin mai ɗabi'arta ce, dole mai ita ya riƙa duba sanda yana ƙarawa. To motar da aka fara yi a 2003 aka daina a 2012, ta bi hannun mutum uku ko huɗu, wa zai rantse maka duk sun kula da wannan? Idan waɗannan siraran ƙarafa suka cinye, matsi ya tafi, sai an sauke inji an farke shi gaba ɗaya. Alamar da aka fi sani ita ce ta tashi lafiya da sanyi, amma idan ta yi zafi ka kashe sai ta yi ta ja kafin ta kama. Gwajin matsinta ma ba da irin gejin da kowa ke da shi ake yi ba, akwai na'urarsa daban da ke karanta fuskoki ukun kowace rota. Arahar da ka gani, daga nan ta fito.

Auwal: Injiniya, amma ai da yawa koyil, mai ba filogi wuta, shi ne kawai ke mutuwa mutane su ce inji ya tafi. Koyil da filogi kuwa yaro ma zai canza.

Injiniya Bashir: Haka ne, kuma shi ya sa lamarin ke da haɗari ga sabon shiga. Koyil mai rauni yana barin fetur bai ƙone ba, fetur ɗin ya wanke man da ke bango, ya kuma gangara salansa ya lalata katalis, matatar hayaƙin da ke cikinsa. Wanda ya sani zai kama abin da wuri. Wanda bai sani ba sai ya sayi wadda ta riga ta yi shekara biyu a haka. Ban ce kada kowa ya saya ba. Kada dai ta zama ta farko, kuma kada a biya sisi sai an ga takardar gwajin matsi da aka yi a gabanka.

Shamsu: Ni Boxster gare ni, ƙirar 2002, shekarata biyar da ita, kuma kusan komai ni nake yi. Tsoron da ake ba mutane ya yi yawa. Juyenta ba wuya, sai dai tana ɗaukar baƙin mai sama da lita takwas. Birkinta ya fi na ƙananan motoci da yawa sauƙin aiki, fil kawai za ka zare fad ya fito. Abin da za ka saba da shi shi ne inji yana tsakiya, a bayan kujeru. Ba bonet ɗin da za ka ɗaga ka gan shi. Ta sama sai ka ɗage rufin zuwa rabi ka cire murfi, fanbel ta bayan kujeru ake kai masa, filogi kuwa sai ka cire tayoyin baya ka zura hannu. Rana ta farko za ka ji kamar ba za ka iya ba, daga baya hannu ya saba.

Malam Ɗanjuma: Shamsu, ka faɗa masa zancen boris ɗin nan mana. Kada ka tsallake.

Shamsu: Ina zuwa Baba. A cikin injin akwai wani shaf da ke karɓar juyi daga kuranki ya miƙa wa sarƙoƙin taimin, ana ce masa IMS. A ƙarshensa akwai boris, kuma an san shi da mutuwa a wasu daga cikin motocin. Idan ya tarwatse, taimin ya goce, bawul ya haɗu da fistin, inji ya gama. Ba kowace yake kamawa ba, mafi yawa suna rayuwarsu lafiya. A ƙirar farko har zuwa wajen 2005 ana iya canza shi, amma sai an sauke giyabos, shi ya sa ake haɗa aikin da canjin kuloci. Daga 2009 suka sake inji suka cire shaf ɗin ɗungurungum, sai dai waɗannan ba su cikin arahar da Nasiru ke magana. Ni wadda na saya an riga an canza mata, da rasit. Kuma duk juye sai na buɗe filta, takarda ce, na baje ta a rana ina neman ƙyallin ƙarfe.

Maman Iman: Sannunku. Malam Nasiru, bari in ba ka nawa labarin, domin inda kake yanzu nan nake shekara shida da suka wuce, ni ma juye kawai na iya. MX-5 na saya, ƙirni na biyu, waɗanda aka yi daga 1998 zuwa 2005. Abin da ya sa nake ce wa duk mai koyo ya fara da ita shi ne tana yafe kuskure. Ka ɗaga bonet komai na gabanka, inji a miƙe yake daga gaba zuwa baya, hannunka na kaiwa ko'ina. Tun 1989 ake yin ta, a 2016 ta cika miliyan ɗaya, don haka duk notin da zai ba ka wahala akwai dubban mutanen da ya riga ya ba su, sun kuma rubuta yadda suka yi. Kayan gyara ba a nemansu da fitila.

Babban aikin da na fara yi shi ne taimin bel, wanda ake canzawa a wajen kilomita 100,000. Kwana biyu na yi. Kafin in cire tsohon sai da na sa farin fenti na yi alama a kan bel ɗin da kan kowace fule, na ƙirga haƙoran da ke tsakanin alamomin, na mayar da su kan sabon. Duk da haka da na tayar sai na ji tana rawa ba ƙarfi, ashe na goce da haƙori ɗaya. Na sake buɗewa na daidaita, shi ke nan. A injin wannan ƙirnin da na gabansa fistin ba ya kaiwa ga bawul ko da bel ya tsinke. A wata motar wannan kuskuren zai iya zama sanadin sauke kan inji.

Auwal: Anti, amma fa ba ta da ƙarfi. Motar gida ta zamani ma za ta wuce ta a miƙaƙƙen titi.

Maman Iman: Za ta wuce ta, Auwal, ban musa ba. Nauyinta kaɗan ya ɗara tan ɗaya, daɗinta a kwana yake da yadda giya ke shiga. Wanda ke son a manna shi da kujera idan ya taka totur, 350Z ce tasa.

Garba Z: To an zo wurina. 350Z injin V6 ne, lita 3.5, sarƙa gare shi ba bel ba, kuma yana da jimiri. Amma ka san shekarar da kake saya. Wasu masu giyar hannu na 2005 da 2006 an san su da shan baƙin mai. Na 2007 zuwa sama suna da sabon inji mai hanyar iska biyu, za ka gane su da ɗan tudu a kan bonet. Sun fi ƙarfi, sai dai ƙaramin silindan kulocinsu a cikin gidan giyabos yake, idan ya yi yoyo sai an sauke giya. Babbar matsalarta a wurina ma ba inji ba ce, masu ita ne. Mota ce da samari ke so don zamiya da ƙona taya. Idan ka ga an sassauke ta ƙasa, an canza salansa, tayoyin baya sun sha bamban da na gaba, an yi wa wayoyi ɗaurin gwarmai a ƙarƙashin dashbod, ka juya. Nemi wadda ba a taɓa komai a jikinta ba, ko da ta fi tsada.

Alhaji Tanko: Ni ra'ayina daban ne, ku yi haƙuri. Nasiru ɗana, na ga irin wannan sha'awa da yawa. Wata uku na farko kullum ana wanke mota. Daga nan a kwance wani abu, noti ɗaya ya karye, a ce sai ƙarshen mako. Ƙarshen mako ya zo da hidimar iyali. Bayan shekara sai ka tarar da mota a kan ƙafafun ƙarfe an lulluɓe ta da tamfol, kayanta a cikin kwali, mai ita ma ya manta inda kowane ya fito. Ƙarshenta a sayar da ita rabin kuɗi. Kuɗin da kake ganin za ka rage na makaniki, kayan aiki za su cinye shi a shekarar farko. Kuma abin da ya fi damuna birki ne da ƙafa. Motar da ke gudun nan, a ce wanda ya koya daga bidiyo shi zai ɗaure mata birki? Ba ransa kaɗai ke kan titi ba.

Nasiru: Alhaji na gode, kuma maganarka ta shige ni. Batun rage kuɗi, gaskiya ba shi ne a gabana ba. So nake in san motata ciki da bai. Amma zancen birki ya sa na yi shiru.

Malam Ɗanjuma: Alhaji ya faɗi gaskiya a rabi. Motocin da ke ƙarƙashin tamfol na gan su, wasu ma a kwali ake kawo mini su in harhaɗa. Maganin wannan guda ne: aiki ɗaya a lokaci ɗaya, kuma kada ka kwance komai sai kayan da za ka saka suna hannunka. Mota ta kwana a kan tayoyinta duk lokacin da hali ya yi.

Batun birki kuwa ban bi Alhaji ba. Aikin birki ba shi da wuyar fahimta, natsuwa yake so. Mai mota da ke da yini guda, da littafin gyara a buɗe, da sifanar awo wadda ke yin ƙas idan ɗauri ya kai, sau da yawa ya fi yaron gareji da ke da mota biyar suna jiransa. Sharaɗin shi ne ka yi gefe ɗaya ka bar ɗayan a haɗe don ka riƙa dubawa, ka taka feda har ta yi tauri kafin ka motsa motar, karo na farko kuma ka sa wanda ya sani ya duba bayanka. Abin da ba na so sabon hannu ya taɓa shi kaɗai su ne matse sifirin ɗin shokozoba, wayoyin jakar iska masu rawayan soket, da duk abin da ya shafi buɗe tankin fetur.

Amma abin da ya fi kashe masu gyara a gida jak ne. Wani maƙwabcina, mutum mai hankali, ya ɗaga motarsa da ɗan jak ɗin canza taya ya shiga ƙasa zai kwance notin juye. Notin ya yi gardama, ya ja da ƙarfi, motar ta yi gaba kaɗan, jak ya kwanta. Allah ya sa ya riga ya tura tayar da ya cire a ƙarƙashin bodi, ita ta tare. Da muka zo ƙarfen ƙasan motar na taɓa rigarsa, ba ya iya juya kai, idonsa kawai ke motsi. Haƙarƙari biyu ya karye. Motar gudu kuma ƙasa take sosai, babu sararin da zai cece ka. Ƙafafun ƙarfe masu kyau, a kan siminti, a wuraren da littafi ya nuna, a sa wa tayoyin da ke ƙasa waigi, sannan ka girgiza motar da ƙarfinka kafin ka shiga. Ka sayi waɗannan kafin ka sayi motar ma.

Alhaji Tanko: To Malam, idan zai kawo maka ka duba bayansa, na janye rabin maganata. Rabin na tamfol yana nan.

Nasiru: Na karɓa Alhaji. Zuciyata ta karkata ga MX-5, 350Z na biye. Idan na je gani, me zan fi sa wa ido? Akwai wata mai kilomita kaɗan ƙwarai, ita nake hari.

Injiniya Bashir: Kada ƙarancin kilomita ya ruɗe ka. Motar da ta yi shekaru a ajiye tana da nata ciwon: sil ya bushe, birki ya kama, fetur ya lalace a tanki. Gara mai tafiya da yawa da tarin rasit a kan mai tafiya kaɗan da ba takarda ko ɗaya. Kuma lambar da ke dashbod ana iya taɓa ta, amma cinyewar feda da sitiyari da gefen kujerar direba ba sa ƙarya.

Ka ce wa mai ita kada ya tayar kafin ka zo, da ka isa ka ɗora hannu a kan inji ka tabbatar da sanyi. A tashin farko ake jin ƙarar sarƙa da ta bawul, a nan ake ganin hayaƙi. Shuɗi man inji ne ke ƙonewa, baƙi fetur ya yi yawa, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi ruwa ne ke shiga, gaskit ɗin kan inji ya lalace ke nan. Buɗe murfin baƙin mai ka duba ko akwai kumfa mai kama da madara. Ka tafi da 'yar na'urar OBD2, wadda ke karanta kwamfutar mota, tun 1996 motocin kasuwar Amurka ke da soket ɗinta, na Turai masu fetur kuma daga 2001. Kada ka tsaya a kan ko akwai lambar matsala. Duba wurin da ke nuna ko kwamfutar motar ta kammala gwaje-gwajenta. Idan ka ga yawancinsu ba su kammala ba, to kwanan nan aka goge ko aka cire batir, sai ka tambayi dalili. Lambar shasi kuma, harufa da lambobi 17, ta jikin mota ta dace da ta takarda.

Maman Iman: Ƙari a kan na Injiniya, a MX-5 tsatsa ce abokiyar gaba, ba inji ba. Inji ko ya mutu ana samun wani a ɗora. Bodi idan ya ruɓe sai mai walda, kuma wannan ba aikin da za ka koya a ƙarshen mako ba ne. Ruwan da ke sauka daga rufin yadi yana bi ta wasu 'yan hanyoyi a bayan kujeru ya fita ta ƙasa. Idan ganye da ƙura suka toshe su, sai ruwan ya taru a cikin dokin ƙofa, daidai gaban tayar baya, ya ci ƙarfen daga ciki. Kafin ka ga ƙuraje a fenti ciki ya riga ya tafi. A ƙirni na biyu ka duba ƙarafan shasi na gaba ma. Waɗanda suka zauna a ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara sun fi kamuwa. Ka tafi da tocila da ɗan maganaɗisu a naɗe cikin ƙyalle, inda ya ƙi kamawa fila ce aka cika, wato ƙullin da ake like ramin bodi da shi. Ka kwanta ƙasa ka duba da idonka, kada ka ji kunyar mai mota.

Shamsu: Har yanzu ina ganin Boxster ta fi su mota nesa ba kusa ba. Amma na yarda, da a ce ita ce ta koya mini riƙe sifana da na sha wuya. Ni sai da na yi shekaru da wata motar kafin ita.

Nasiru: Assalamu alaikum, na dawo bayan mako uku. Mota uku na gani. Ta farko ita ce mai kilomita kaɗan ɗin, ja, tana sheƙi. Na durƙusa na bi dokin ƙofa da maganaɗisu kamar yadda Maman Iman ta ce. Yana kamawa, yana kamawa, da na iso gaban tayar baya sai ya zame ya faɗo a tafina. Ɗaya gefen ma haka. Na leƙa da tocila na ga an fesa baƙin fenti sabo a ƙasa, na danna da yatsa na ji yana ɓurmawa kamar busasshen ganye. Mai ita ya ce shi bai san da wannan ba. Na yi masa godiya na tafi.

Ta biyu 350Z ce. Na tarar da inji da ɗumi duk da na roƙa, na'ura kuma ta nuna gwaje-gwaje ba su kammala ba. Na ce mu yi tafiya mai ɗan nisa, ya ce ba shi da lokaci. Ita ma na bari, ko da yake ƙarar injin nan har yanzu tana kunnena.

Ta uku na saya. MX-5 ce ta 2003, lita 1.8. Fentin bonet ya koɗe, kujerar direba ta tsage, kilomita ta fi ta farkon ninki biyu. Amma ƙasanta ƙarfe ne tsantsa, kuma dattijon da ke da ita ya miƙo mini fayil cike da rasit. Kuɗin da ya rage mini ya kai kashi ɗaya cikin uku kamar yadda Malam ya ce. Ƙafafun ƙarfe huɗu da sifanar awo suna gida tun kafin ta iso. Da me zan fara?

Alhaji Tanko: Allah ya sa alheri, ya tsare hanya. Barin ta farkon nan da ka yi ya burge ni.

Auwal: Barka Yaya! Saura salansa mai ƙara da manyan rim.

Malam Ɗanjuma: Auwal, bar shi tukuna. Barka Nasiru, Allah ya sanya albarka. Fara da taya. A gefen kowace akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Taya na iya zama da zane cikakke amma robar ta ƙeƙashe, kuma a motar da baya ke turawa, ranar da aka yi ruwa za ka gane. Bayan taya sai man birki. Yana tsotsar danshi daga iska, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu. Sabon man birki mai lamba DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya saukowa wajen 155, ka ga a gangara mai tsawo feda sai ta nutse. Kada ka kuskura ka zuba DOT 5, wannan na silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran. Sannan baƙin mai da filta, ruwan lagireto, man giya da na aksil ɗin baya. Ka duba saman lagireto, roba ce, idan baƙin ya koma ruwan ƙasa-ƙasa ta kusa fashewa, canza ta kafin ta zaɓar maka rana. Taimin bel kuma duba fayil ɗin dattijo, idan babu rasit ɗinsa ka ɗauka ba a yi ba.

Nasiru: Malam, na duba. Tayoyin baya 3814 ne, wato mako na 38 na 2014, kuma zanensu kamar sababbi. Na yi odar huɗu. Taimin bel akwai rasit, da famfon ruwa aka canza su tare. Yau na ɗora ta a kan ƙafafu, na girgiza ta ba ta motsa ba, na yi juye lafiya. Yanzu ina kan man giya. Notin zubarwa na ƙasa na gan shi a fili, amma na cikawa da ke gefe ya ƙi motsi. In fara zubar da tsohon man ne kafin in ci gaba da fama da shi?

Maman Iman: A'a, dakata! Kada ka taɓa na ƙasa sai na gefe ya buɗe. Idan ka zubar sannan na cikawa ya ƙi, ka zauna da giyabos babu mai, motar ba ta motsawa ko zuwa wurin Malam.

Malam Ɗanjuma: Ta riga ni. Kuma ka buɗe littafi ka tabbatar wanda kake ja shi ne na cikawar, domin a jikin giyabos akwai notin da ke riƙe da kayan ciki, idan ka kwance shi wani abu zai faɗa ciki. In ka tabbatar, goge kansa da burushin ƙarfe, fesa masa man sassauta tsatsa ka bar shi ya kwana. Gobe ka ɗan zaga da motar giya ta yi ɗumi, ka sake ɗora ta daidai ba karkace ba. Sa sifanar da ta zauna cif a kansa, ba mai daidaitawa ba, ka ƙara mata tsawo da bututu, ka ja a hankali ba fizga ba. Idan ka ji kan notin ya fara murjewa ka tsaya nan, ka ɗauko hotonsa mu gani kafin ka ƙara ja.

Nasiru: To Malam. Na fesa, na sauke ta a kan tayoyinta, na mayar da kayan aiki cikin akwati. Sai da safe in Allah ya kai mu.